Shekara 17 ana jira: abin da ya raba masu sharhi da masoya kan kundin American Football na biyu

Ranar 21 ga Oktoban 2016 wani rukunin makaɗa daga jihar Illinois ta Amurka, mai suna American Football, ya fitar da kundin waƙoƙinsa na biyu. Na farkon tun watan Satumban 1999 ya fito, wato shekara 17 ke nan tsakani. Masu sharhin waƙa a jaridu da mujallu sun karɓi sabon aikin hannu bibbiyu, galibinsu sun yaba. Masoya kuwa, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna fatan a dawo, sai kansu ya rabu. Wasu suka ce sun gode, wasu da dama suka ce ba wannan suka nema ba. Abin da ya ja hankalina shi ne ɓangarorin biyu abu guda kunnuwansu suka ji, har siffanta shi suke yi da kusan kalmomi iri ɗaya, amma hukuncinsu ya sha bamban. Ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilin wannan saɓani ya fi batun daɗi ko rashin daɗin waƙa zurfi.

Sai an san irin kiɗan da rukunin ke yi, wato emo, kafin a gane rigimar. Emo reshe ne na kiɗan rok da ya tsiro a birnin Washington a tsakiyar shekarun 1980, a hannun matasa irin su rukunin Rites of Spring, waɗanda suka ɗauki kiɗan punk mai zafi da sauri suka cika shi da zancen abin da ke cin zuciyar mutum: rabuwa, kaɗaici, nadama. A shekarun 1990 salon ya yi ƙaura zuwa jihohin tsakiyar Amurka, ya sauka a garuruwan jami'o'i, ya yi laushi, jita ta koma ƙyalƙyali maimakon ruri. A wannan zuriya akwai Cap'n Jazz daga kewayen Chicago, da Braid a Champaign, da The Promise Ring a Milwaukee, da The Get Up Kids a Kansas City. Ƙananan kamfanoni masu zaman kansu ne ke buga musu faifai, wasanninsu kuma a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na gidajen haya da ƙananan zauruka ake yin su, mai kiɗa da mai sauraro kafaɗa da kafaɗa. Wannan kusanci shi ne ƙarfin emo, kuma shi ne tushen yawancin rigingimunsa, domin mai sauraron da ya ji an faɗi sirrin zuciyarsa a waƙa yakan ɗauka yana da hannun jari a cikinta.

American Football, duk da sunan, ba ruwansu da ƙwallo. Ɗalibai uku ne na Jami'ar Illinois da suka haɗu a garin Urbana a 1997: Mike Kinsella mai rera waƙa da kaɗa jita, wanda a da shi ne mai ganga a Cap'n Jazz tare da yayansa Tim, sai Steve Holmes mai jita, sai Steve Lamos mai ganga wanda kuma ke busa ƙaho irin na 'yan badujala. Kamfanin Polyvinyl ya fitar musu da ɗan gajeren faifai a 1998. A bazarar 1999, karatu na ƙarewa kowa na shirin kama gabansa, suka shiga wani situdiyo a Urbana tare da Brendan Gamble suka naɗi waƙoƙi tara cikin 'yan kwanaki. Kafin kundin ya gama isa hannun jama'a rukunin ya riga ya watse. Ba su zagaya gari-gari don tallata shi ba, kuma duk zamansu tare wasannin da suka yi a gaban jama'a ba su taka kara sun karya ba. Lamos ya ci gaba da karatu har ya zama malamin jami'a a Colorado. Holmes ya kama aikin ofis. Kinsella kaɗai ya zauna a sana'ar, yana fitar da waƙoƙinsa shi ɗaya da sunan Owen tun daga 2001.

A nan ya kamata a tsaya a saurari kundin farkon da kyau, don duk gardamar 2016 a kansa ta dogara. Da ka kunna shi, abin da ke fara shiga kunnenka ba waƙa ba ce. Mai ganga ne ke ɗan gwada sandunansa, ana jiyo surutun mutane a cikin ɗaki, sannan kiɗan ya tashi. Jita biyu ne ke saƙa da juna, kowacce da nata ɗaurin tsirkiya wanda ba irin na kowa da kowa ba, har kusan kowace waƙa sai an sake ɗauri. Takun kiɗan ma ba koyaushe yake bin ƙidayar huɗu-huɗu da kunne ya saba da ita ba. Su da kansu sun sha ambaton cewa suna sauraron Steve Reich, mai tsara kiɗan nan da ke maimaita ɗan gajeren zubi har sai ya rikiɗe ya zama wani abu daban. Biyu daga cikin waƙoƙi taran babu murya a cikinsu ko kaɗan, ɗaya kuma ta kai minti takwas. Inda muryar take, siririya ce, ta ɗan shekara 22 da bai gama yarda da maƙogwaronsa ba, kuma an tura ta can bayan kiɗan, kamar hirar maƙwabta da kake jiyowa ta bayan katanga, ka kama wata kalma wata ta wuce ka. Baitocin gajeru ne, wasu daga tsofaffin rubuce-rubucen Kinsella na ƙuruciya aka tsamo su, yawanci kan ƙarewar soyayya da ƙarewar bazara.

Bangon kundin ma haka yake da rowar bayani. Hoton wani farin gida ne na katako a Urbana da dare, an ɗauko shi daga ƙasa, taga ɗaya a sama tana da haske. Chris Strong ne ya ɗauka. Babu fuskar kowa a jiki, kuma babu ɗaya daga cikin makaɗan uku da ya taɓa zama a gidan.

To, kundi irin wannan, mai ƙarancin magana, wanda masu shi suka yi shiru suka ɓace, fili ne da aka bar wa mai sauraro ya gina abin da ya ga dama. Haka kuwa aka yi. A shekarun 2000, lokacin da sunan emo ya koma kan manyan taurari irin su My Chemical Romance da Fall Out Boy masu cika filayen wasa, wannan ƙaramin kundi sai ya riƙa yawo a ƙarƙashin ƙasa, aboki ya tura wa aboki, ana saukewa daga intanet. Daga wajen 2008 wasu sababbin rukunai kamar Algernon Cadwallader da Snowing suka taso suna kwaikwayon wannan ƙyalƙyalin jita, aka shiga abin da ake kira farfaɗowar emo. Matasan da ba su ma shiga firamare ba a 1999 suka riƙa zuwa Urbana don ɗaukar hoto a gaban gidan. Da Polyvinyl ya sake buga kundin a 2014, cunkoson masu saye ya durƙusar da shafin kamfanin na intanet, kundin ya hau matsayi na 68 a Billboard 200, jerin kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, abin da bai ko kusanta ba a farkon fitowarsa. A shekarar ne rukunin ya sake haɗuwa, suka ɗauko Nate Kinsella, ɗan'uwan Mike na dangi, ya riƙe jita mai kaurin murya. Dare uku suka yi a zauren Webster Hall na New York, tikiti ya ƙare ƙarƙaf. A 2016 mujallar Rolling Stone ta sa kundin a na shida cikin kundayen emo 40 mafiya daraja.

Wannan shi ne nauyin da aka ɗora wa kundi na biyu tun ba a naɗi ko sauti ɗaya ba. Mutum huɗu ne yanzu, kowa da iyalinsa da aikinsa, ba kuma a gari ɗaya suke ba, don haka yawancin tsarin waƙoƙin ta intanet suka riƙa tura wa juna. Suka je situdiyon ARC a Omaha ta jihar Nebraska suka naɗa tare da furodusa Jason Cupp. Suka sake sa masa sunan rukunin kamar na farko, suka sake yin waƙoƙi tara, Chris Strong ya sake ɗaukar hoton wannan gida, amma a wannan karon daga ciki: matattakala da ƙofar shiga. Waƙar farko ma zancen komawa wani wuri take yi da mutum ya sani a da, ya tarar abubuwa sun sauya. Ka ga ke nan su da kansu ne suka gayyato a auna sabon da tsohon. Ba za a ce masoya sun yi shisshigi ba don sun auna.

Da aka auna, ga abin da kowa ya ji. Saƙar jitar tana nan, har ta fi ta da tsafta. Gangar Lamos tana nan da lanƙwashe-lanƙwashenta, ƙahon ma yana leƙowa. Abin da ya sauya shi ne murya. Mike Kinsella ya kai shekara 39, ya shafe shekara 15 yana rera waƙa a matsayin Owen, muryarsa ta yi kauri ta nuna, ya kuma san yadda ake sarrafa ta. A wurin haɗa sauti sai aka jawo ta gaba, kowace kalma tana fita tar. Babu waƙar da aka bari ba murya, babu mai jan minti takwas tana maimaita zubi guda har mai sauraro ya nutse. Waƙoƙin sun ɗauki siffar da aka saba, baiti ya zo amshi ya biyo. Batun ma ya tashi daga na saurayin da budurwa ta bari ya koma na magidanci mai 'ya'ya da ke fama da kansa: gajiya, shan giya, zargin kai, zama baƙo a cikin gidanka.

Ƙorafin masoya, in aka tace shi, jimla ɗaya ce da aka yi ta maimaitawa: wannan ai kundin Owen ne aka liƙa wa sunan American Football. Lokaci ma ya taya su, domin a watan Yulin shekarar, wata uku kacal kafin nan, Kinsella ya fitar da sabon kundin Owen, don haka muryar da salon baitocin suna nan sabo fil a kunnen mutane. Ni a ganina wannan ƙorafi yana da tushe, kuma ba daidai ba ne a share shi da cewa ai kewar ƙuruciya ce kawai ke damunsu. Abin da ya bambanta kundin 1999 da duk na tsaransa shi ne murya ɗaya ce daga cikin kayan kiɗan, ba shugabarsu ba. Da ta zama shugaba, jita biyun da a da su ne masu zance suka koma 'yan rakiya. Wannan sauyi ne na gaske da ake ji da kunne. Kuma baitin da a da zai wuce a lulluɓe cikin kiɗa, yanzu yana tsaye a fili, in yana da rauni kowa zai gani. Akwai layuka a kundin na biyu da suka faɗi baƙin ciki kai tsaye har suka yi nauyi, suka hana mai sauraro wurin da zai sa nasa.

Amma ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. A ƙarƙashin wannan ƙorafi na kunne akwai wani na zuciya da ba kowa ke furta shi ba. Mai sauraron da ya gano kundin farko yana ɗan shekara 17, shi kaɗai a ɗaki da dare, ba waƙoƙi tara kawai ya adana ba, har da wannan daren da wannan shekarun. Shirun da rukunin ya yi na tsawon lokaci ya ba shi damar mallake kundin shi kaɗai, babu wata hira da mawaƙin da za ta ce masa ba haka ake nufi ba, babu kundi na biyu da zai nuna masa inda labarin ya nufa. Ranar da na biyun ya fito, masu kayan suka dawo suka ce ga mu, mutane ne mu, mun tsufa, ga damuwarmu ta yau. An ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Babu irin kundin da waɗannan mutane huɗu za su iya yi a 2016 ya mayar wa kowa shekarunsa 17. Da sun kwaikwayi kansu, magidanta suna rera kukan rabuwa da budurwar jami'a, da waɗannan masoyan ne za su fara cewa abin ya zama wasan kwaikwayo.

Akwai ma wani rukunin masoya da ba a cika jin muryarsu ba a lokacin, su ne tsaran mawaƙan, waɗanda suka ji kundin farko a kan kari suka kuma girma tare da shi. Da yawa daga cikin waɗannan na biyun ya zauna musu daidai, domin zancen da ake yi a ciki shi ne zancen gidajensu. Saboda haka in an ce masoya sun ƙi kundin, an yi kuɗin goro. Shekarun mai sauraro, da shekarar da ya fara jin na farkon, sun yi tasiri ƙwarai a kan ɓangaren da ya faɗa.

Su kuma masu sharhi me ya sa suka fi sassauci? Abu na farko, aikinsu daban ne. Mai sharhi ana turo masa kundi kafin ya fita kasuwa, ya saurara na 'yan kwanaki, ya rubuta, a wasu wuraren ya ba da maki. Tambayar da yake yi ita ce: me waɗannan mutane suka yi niyyar yi, kuma sun cim ma niyyar? Da wannan ma'auni kundin ya ci jarrabawa, don kiɗan ya ƙware, naɗin ya yi kyau, kuma rukunin bai ɓoye shekarunsa ba. Shafin Pitchfork, wanda ke ba da maki daga sifili zuwa goma, ya ba sake bugun kundin farko 8.6 a 2014, ya ba na biyun 7.7. Wannan maki yana cewa aiki ne mai kyau da bai kai na farko ba. Masu sharhi da dama sun ambaci kamannin da yake yi da Owen, sun ambaci fitowar murya gaba, wato daidai abin da masoya suka ji. Bambancin shi ne su sun kira shi girma, masoya suka kira shi asara.

Abu na biyu ya shafi tarihin masu sharhin kansu, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. A ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 manyan kafofin sharhi kallon raini suke yi wa emo, suna ɗaukarsa kukan yaran da ba su san wahala ba. Pitchfork ɗin nan ta yi wa kundin The Get Up Kids na 1999 kaca-kaca da maki mai kama da cin fuska, kundin da yau ake lissafawa cikin ginshiƙan salon. Zuwa 2016 alƙalami ya koma hannun wata zuriya, yaran da suka taso da waɗannan faifai a ɗakunansu su ne suka zama marubuta da editoci. Don haka layin da ake ja tsakanin mai sharhi da masoyi bai da kaurin da ake zato. Mai sharhin 2016 masoyi ne da ya samu aikin rubutu, yana kuma ɗauke da jin cewa an zalunci wannan kiɗa a baya, lokaci ya yi da za a ba shi haƙƙinsa. Ina ganin wannan ya sa wasu sharhunan suka yi wa kundin sassaucin da ya ɗan wuce kima, suka yaba wa dawowar kanta fiye da waƙoƙin. Dawowar abin farin ciki ce, amma ba ita ake kunnawa a saurara ba.

Akwai kuma tsoron maimaita kuskuren magabata, don tarihin emo cike yake da kundayen da aka yi wa hukuncin gaggawa aka dawo ana cizon yatsa. A 1995 rukunin Jawbreaker ya bar ƙananan kamfanoni ya sa hannu da babban kamfanin DGC, ya fitar da kundin Dear You tare da furodusa Rob Cavallo, wanda ya yi aiki da rukunin Green Day. Muryar mawaƙinsu Blake Schwarzenbach, da aka sani da kaushi, ta fito sumul. Masoya suka ɗauki abin cin amana, har wasu kan juya wa dandamali baya in an fara sababbin waƙoƙin. A 1996 rukunin ya watse. Shekara 20 bayan haka, a jerin Rolling Stone ɗin da na ambata, Dear You ne na huɗu, sama da American Football. Kundin Pinkerton na rukunin Weezer ma, da ya fito a 1996, masu karanta Rolling Stone sun zaɓe shi na uku cikin mafiya muni a shekarar, amma a 2004 mujallar ta sake duba shi ta ba shi taurari biyar cif. A 2002 The Promise Ring da The Get Up Kids duk sun sassauta kiɗansu a sababbin kundaye, duk sun sha suka daga nasu, The Promise Ring ma a shekarar suka watse. Duk wanda ya san wannan tarihi zai yi taka-tsantsan kafin ya yi wa kundin emo jana'iza a makon fitowarsa.

Sai dai a lura, matsalar American Football ba irin ta Jawbreaker ba ce. Babu wanda ya zarge su da sayar da kai don kuɗi, suna nan a Polyvinyl inda suka fara. Jawbreaker an hukunta su ne don sun bar unguwa. American Football an hukunta su ne don sun dawo unguwar da wata murya.

Abin da ya fi haska gardamar duka shi ne kundi na uku, wanda ya fito ranar 22 ga Maris na 2019. Situdiyo ɗaya, furodusa ɗaya, mai hoto ɗaya, amma gidan ya ɓace daga bango, sai wani fili cikin hazo. Waƙar farko ta haura minti bakwai, tana buɗewa da ƙarar ƙarafa masu amo kamar ƙararrawa kafin jita ta shigo. Muryar Kinsella ta koma cikin kiɗan, an lulluɓe ta da amsa-kuwwa, kuma ba ita kaɗai ba ce: Hayley Williams ta Paramore, da Rachel Goswell ta Slowdive, da Elizabeth Powell ta Land of Talk, kowacce ta shigo a waƙa guda, a wata waƙar kuma har da muryoyin yara. Batun bai koma na ƙuruciya ba, yana nan kan uba da abin da ya gada daga nasa uban da abin da yake tsoron bar wa 'ya'yansa. A wannan karon masu sharhi da masoya bakinsu ya zo kusa da juna, Pitchfork ta ba shi 8.1, kuma da yawa daga masu ƙorafin 2016 suka ce wannan ne dawowar da suke jira.

In aka duba da kyau, kundi na ukun ya ba kowane ɓangare gaskiyarsa, ya kuma nuna inda kowa ya kauce. Masoya sun yi daidai da suka ce sirrin rukunin yana cikin fili da numfashin da ake bar wa kayan kiɗa, domin da aka mayar da wannan, abin ya tashi. Amma waɗanda suka ɗauka maganin shi ne a koma 1999 ba su canka ba, don kundin da ya gamsar da su shi ne wanda ya fi kowanne nisa da 1999 a sauti, har gidan ma ya bari. Masu sharhi sun yi daidai da suka ce dole rukunin ya yi zancen shekarunsa, sai dai sun yi saurin ɗaukar matakin farko a matsayin isowa. Kinsella da kansa, lokacin fitowar na ukun, ya kwatanta na biyun da lokacin da suke koyon amfani da gaɓoɓinsu, na ukun kuma lokacin da suka yi amfani da su. Mutanen da suka yi shekara 15 ba su tsara waƙa tare ba, ga sabon mutum na huɗu, ga nisan gari, da wuya su tsallake wannan mataki.

Ko kundin 2016 zai samu irin farfaɗowar da Dear You ya samu? Ban ga alama ba, kuma dalilin a bayyane yake. Dear You an ƙi shi ne saboda abin da ke wajen waƙoƙin, wato kwangila da kamfani, da ƙurar ta lafa sai waƙoƙin suka tsaya da ƙafarsu. Na American Football kuwa ƙorafin a cikin sautin yake, kuma rukunin da kansa ya gyara shi bayan shekara biyu da rabi. Matsayin da nake ganin ya dace da shi shi ne na gada tsakanin manyan ayyuka biyu, mai ɗauke da waƙoƙi uku ko huɗu da suka cancanci a riƙa komawa gare su, musamman ga wanda ya haura shekara 35.

Ita kuwa kasuwa har yanzu ga na farkon ta karkata. A 2020 shafin Vulture ya sa waƙar da ta buɗe kundin 1999, Never Meant, a matsayi na ɗaya cikin waƙoƙin emo 100 mafiya daraja. A 2023, da aka ji gidan na Urbana na iya faɗawa hannun masu rushewa su yi sabon gini, rukunin da Polyvinyl da Chris Strong da wasu abokansu suka haɗa kuɗi suka saye shi. A 2024 aka yi bikin cikar kundin shekara 25, aka sake tace sautinsa, wasu mawaƙa irin su Iron & Wine da Ethel Cain suka sake rera waƙoƙinsa, rukunin kuma ya zagaya yana kaɗa shi daga farko har ƙarshe a gaban zauruka cike da mutanen da da yawansu ba a haife su ba lokacin da aka naɗe shi.